Wa ya koya masa buga kai da bango?

A shekarar 1982 wani masanin ɗabi'a mai suna Brian Iwata da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Cibiyar Kennedy, wadda ke haɗe da Jami'ar Johns Hopkins a birnin Baltimo na Amurka. Yara tara suka yi aikin da su, duk masu raunin ƙwaƙwalwa, duk kuma masu ji wa kansu ciwo: wannan ya ƙuma kansa da bango, wancan ya gantsara wa hannunsa cizo, wani ya yi ta sharara wa fuskarsa mari. Likitoci da malamai sun daɗe suna neman dabarar hana irin waɗannan yara. Su Iwata sai suka ɗauko wata tambaya daban: idan yaron ya bugi kansa, me yake samu?

Suka shirya zama iri huɗu, kowanne minti 15, ana jujjuya su, likita kuma ya gindaya iyakar da in an kai ta dole a dakata. A zama na farko ga kayan wasa a ƙasa, babba yana gefe yana karanta mujalla kamar bai san da yaron ba. Da zarar yaron ya bugi kansa sai ya ɗago, ya ce masa ya bari kada ya ji ciwo, ya dafa shi. A na biyu ana ba yaron aikin koyo mai ɗan wuya. Da ya bugi kansa sai a janye aikin, malamin ya juya baya na daƙiƙa 30. A na uku an bar shi shi kaɗai, ba mutum ba abin wasa. Na huɗu kuwa wasa ne zalla, ba umarni, babba yana ta yaba masa a kai a kai matuƙar bai taɓa jikinsa ba.

A shida daga cikin yaran tara, bugun ya fi tsananta a zama guda takamaimai. Wani sai a zaman mujalla, domin can ne bugun ke jawo masa idon babba da hannunsa. Wani sai an miƙo aiki. Wani sai ya ga ba kowa. A 1994 suka dawo da lissafin mutum 152 da aka yi wa irin wannan gwaji: kashi 38 cikin ɗari neman kuɓuta suke daga wani abin da ake sa su, kashi 26 neman kulawa ne ko wani abu kamar abinci, kusan kashi 26 kuma abin daga jikinsu yake, ba ruwansa da akwai mutum ko babu. Ragowar ko dai dalilansu sun fi ɗaya, ko ba a iya tantancewa ba. Wato kusan biyu cikin uku, abin da manya ke yi bayan bugun shi ke ciyar da shi.

A gidajenmu, idan yaro irin wannan ya fara, amsa a shirye take: "Halinsa ne." "Haka Allah ya yi shi." In abin ya yi tsamari a ce iskokai ne, a nufi wurin mai ruƙiyya. Raunin da ke ƙwaƙwalwarsa gaskiya ne, kuma sababbansa sanannu ne a wajenmu: naƙudar da ta yi tsawo har jariri ya rasa iska, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙarancin sinadarin aidin, gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da tabon da ba ya warkewa. Wannan rauni shi ke sa magana ta yi masa wuya, koyo ya yi masa nauyi. Amma hanyar da zai bi ya ce yunwa yake ji, ko ya gaji, ko a dube shi, wannan a cikin gida yake tsintar ta, kuma mu ne malamansa ko mun sani ko ba mu sani ba. Ra'ayina ke nan, kuma ina ganinsa albishir ne, domin abin da aka koya ana iya musanya shi.

Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. B. F. Skinner ya shafe rayuwarsa a kanta tun daga shekarun 1930: duk aikin da ya haifar wa mai yinsa abin da yake so, ko ya raba shi da abin da ba ya so, zai ƙara yinsa. Mutane sukan ce ai wannan sai mai wayo. To, a 1949 wani ɗalibi mai suna Paul Fuller a Jami'ar Indiyana ya gwada ta a kan matashi ɗan shekara 18 da ke kwance a gidan renon nakasassu, ba magana, ko juyi ba ya iya yi, masu kula da shi sun yanke cewa ba ya koyon komai. Duk lokacin da ya motsa hannun dama, sai Fuller ya ɗiga masa madara mai ɗumi da sukari a baki. Cikin 'yan zama kaɗan matashin ya koma ɗaga hannun a kai a kai. An bar shi da yunwa kafin gwajin, abin da yau ba wanda zai amince da shi, amma darasin ya tsaya: wanda aka ce ba ya koyo, yana koyo.

Mu leƙa tsakar gida da la'asar sakaliya. Inna na tuƙin tuwo, hayaƙi ya cika mata ido, ga goyo a baya. Yaron, ɗan shekara takwas, ya fi awa guda a gindin turmi yana juya murfin kwano. Ba wanda ya ce masa ci kanka. Ƙanwar babansa ta nufi wurinsa, Inna ta ce, "Goggo, ƙyale shi don Allah, tunda Allah ya sa ya yi shiru." Can sai ka ji gum, gum, ya haɗa goshi da bango. Inna ta yar da muciya ta rugo, ta rungume shi: "Haba ɗan albarka, me aka yi maka?" Yayarsa ta ɓare biskit ta danƙa masa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana sannu. Awa guda ta zaman lafiya ko kallo ba ta jawo masa ba. Daƙiƙa biyar na buga kai sun tara masa mata uku da biskit. Yaro ko da ba ya iya ƙirga yatsunsa, wannan lissafin ba ya ɓace masa.

Ivar Lovaas ya ga haka ƙiri-ƙiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1965, a kan wata yarinya mai bugun kanta. Da aka riƙa yi mata kalaman tausayi da lallashi daidai lokacin da ta yi bugun, sai bugun ya ƙaru. Kada kuma wani ya ce to shi ya sa ni tsawa nake yi. Ga yaron da ya wuni ba a ambaci sunansa ba, tsawa ma kulawa ce: an kira shi, an dube shi, an taso dominsa.

Kaso mafi girma a lissafin Iwata shi ne na kuɓuta, kuma shi ne muka fi kasa ganewa. An ɗauko soso da sabulu, ya faɗi yana birgima, aka ce a bar shi sai anjima. An ce ya sa takalmi a tafi Islamiyya, ya ciji hannunsa, aka ce yau ya zauna a gida. Gerald Patterson, wanda ya yi shekaru yana nazarin iyalai a jihar Oregon, ya nuna cewa a irin wannan tirka-tirka mutum biyu ne ke koyo. Yaro ya koyi cewa ihu na ɗauke masa wanka. Uwa ita ma ta koyi cewa janye soso na ɗauke mata ihu, kuma shirun da ya biyo baya shi ne nata ladan. Gobe ita za ta fi saurin janyewa, shi zai fi saurin farawa.

Na san inda wasu za su kai maganar nan: "Ka ji, mun faɗa, uwar ce ta lalata shi." A'a. An taɓa yin wannan ɓarnar a Amurka, lokacin da Bruno Bettelheim ya yi ta yaɗa cewa sanyin zuciyar iyaye mata ne ke jawo wa yara galahanga. Ƙarya ce, kuma ta ƙuntata wa mata da yawa a banza. Uwar da ta rugo ta rungumi ɗanta mai zubar da jini ta yi abin da kowace uwa za ta yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa kwana ido biyu da irin wannan yaro ba, ga miji na ƙorafi, ga kishiya na habaici, ga dangin miji na cewa daga wajenta aka gado, bai isa ya ɗaga mata yatsa ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna da ita ya nuna mata yadda tarkon yake.

Tarkon kuma ya fi ƙarfi a gidan yawa. Inna ta yi niyya yau ba za ta ba shi wayarta ba, ko zai yi me. Ya yi ihu minti goma, ta daure. Da aka kai minti goma sha biyar sai Kaka ta ɗaga labule: "Wa ya taɓa mini angona? Ku ba shi mana, wayar me!" Aka ba shi. Skinner da Charles Ferster sun nuna tun 1957 cewa ladan da ke zuwa wani lokaci ya ƙi zuwa wani lokaci ya fi dasa ɗabi'a fiye da mai zuwa kullum. Mai bin bashi ya san wannan: wanda ba ya biya ko kaɗan, kana gajiya ka bar wa Allah, wanda kuwa sai ka yi sawu biyar ya ɗan ba ka wani abu, ba za ka daina zuwa ƙofarsa ba. Abin da yaron ya ɗauka ranar nan shi ne ihun minti goma bai isa ba, sai an kai goma sha biyar.

Daga nan wasu masu ba da shawara kan yi tsalle su ce, "Ku yi banza da shi kawai." Ina tsoron wannan shawara in ta zo ita kaɗai. Ɗabi'ar da aka yanke wa lada tana iya tsananta kafin ta lafa. A 1969 Lovaas da James Simmons sun gwada barin wani yaro ba tare da kula shi ba in ya fara. Bugun ya daina a ƙarshe, amma sai da ya bugi kansa kusan sau 9,000. Wace uwa ce za ta tsaya kallon wannan? Kuma ko da ta iya, buƙatar da ta sa shi bugun tana nan ba a biya ba.

Mafitar da na fi gamsuwa da ita Edward Carr da Mark Durand ne suka kawo ta a 1985. Sun lura da wasu yara a makaranta: waɗansu na tayar da hankali in aiki ya yi musu wuya, waɗansu in malami ya ɗauke kai daga gare su. Na farkon aka koya musu su ce ba su gane ba, sai a taimake su. Na biyun aka koya musu su tambaya ko aikinsu ya yi kyau, sai a yaba musu. Rigimar ta faɗi ƙasa warwas. Abin lura, da aka koya wa yaro jimlar da ba ta dace da buƙatarsa ba, ba abin da ya sauya. Dole sai an san me yake nema tukuna.

Wannan ba ya buƙatar na'ura. Yaron da ba ya magana ana iya koya masa ya miƙo kofi in ruwa yake so, ya dafa hannun Inna in kulawa yake so, ya ture tafin hannu gaba in yana son a dakata masa. Sharaɗin guda ne, kuma shi ne mai wuyar: sabuwar hanyar ta fi tsohuwar sauƙi da saurin biya. In ya dafa hannunki kika ce "ina zuwa" kika ci gaba da yankan kuɓewa, alhali buga kai na kawo ki nan take, kin riga kin gaya masa wadda ta fi aiki. A makonnin farko sai an amsa kowace dafawa, nan da nan, kowa da kowa a gidan, har da Kaka. Jira ana koya shi ne daga baya, kaɗan-kaɗan. In kuma ya koma ga bango, a tare shi da hannu ko matashi kada ya ji ciwo, amma ba wa'azi, ba biskit, ba taro.

Ɗaya ɓangaren shi ne awar nan da ya yi a gindin turmi. Mu mutane ne masu rowar yabo ga 'ya'yanmu. Akwai alkunya, musamman ga ɗan fari. Akwai tsoron baki. Akwai cewa yabo na kumbura kai. Faɗa kuwa a bakin kowa yake. Ga yaro mai lafiya wannan ba ya yin illa sosai, domin yana da makaranta da abokai da filin ƙwallo inda zai ga sakamakon ƙoƙarinsa. Shi wannan ba shi da kowa sai mu. "Madalla, ka zauna da kyau," da shafa kai, sa'ad da yake zaune lafiya, ba sa cin kobo. Wanda ya ce wannan cin hanci ne ya juya abin: biskit ɗin da aka ba shi yana tsakar ihu don ya yi shiru, shi ne hancin.

Edward Zigler na Jami'ar Yale ya nuna yadda yunwar kulawa ke kai yaran nan. Ya ba su wani wasa mai gundura, jefa 'yan duwatsun wasa cikin rami, babba na gefe yana ce musu da kyau. Yaran da ke zaune a gidajen reno, musamman waɗanda suka taso ba gata, sai su yi ta jefawa ba gajiya. Ba wasan ne ya dame su ba, muryar babban suke bi. Ya kuma lura cewa yaron da ya saba faɗuwa a komai yakan daina yarda da kansa, ya koma leƙen fuskar babba kafin ya ba da amsa. Mu ma muna ƙara masa: ya kama maɓallin riga yana fama, mu ce "kawo, ba za ka iya ba." Ya shekara goma sha biyu ana ba shi abinci a baki don kada ya ɓata tabarma.

Wannan yunwa ce ake ci da ita a bakin titi, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Kowace unguwa tana da irin wannan yaron. Ya zo wucewa ta majalisa, wani magidanci da gemunsa ya kira shi: "Zo nan mutumina, zagi Alhaji in ba ka hamsin." Ya ɗura ashar, aka kwashe da dariya har da tafawa, aka ba shi kuɗin, wani ma ya ɗauka a waya ya sa a TikTok. Ga lada nan take, ga jama'a, ga maimaici kullum. Ko Skinner bai isa ya tsara darasin da ya fi wannan kama jiki ba. Yana da shekara tara abin dariya ne. Ranar da ya kai ashirin, da gashin baki, ya zagi baƙon da bai san shi ba ko ya kama hijabin matar wani, mutanen majalisar nan su ne na farko da za su ce ya zama abin tsoro, a ɗaure shi. Kuma yaron da aka saba masa yin duk abin da babba ya ce don a ba shi alewa, musamman 'ya mace, an buɗe wa mugu ƙofa. Cikin abubuwan da ya kamata a koya masa a kuma girmama har da "a'a".

Wannan ilimi kansa yana da wuƙa. A garin Canton na jihar Massachusetts akwai Cibiyar Judge Rotenberg, inda aka daɗe ana jona wa masu irin wannan lalura lantarki a fata da sunan gyaran hali. Mai binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa ya kira abin azabtarwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021. Namu salon bulala ce da mari. Rahoton Human Rights Watch na Nuwamban 2019 ya bayyana yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassan Najeriya, har da yara, a asibitoci da gidajen magani da wuraren addini na Musulmi da na Kirista. Duka yana tsayar da abu na ɗan lokaci, shi ya sa mai dukan ke ganin yana aiki, shi ma ladansa ke nan. Amma bai koya wa yaron yadda zai nemi ruwa ba.

Sai kashi ɗayan nan cikin huɗu da ba ruwansu da mu. Wani jijjiga jiki ko bugun na ba shi wani ji da yake nema, sai a samar masa abin da zai maye gurbi. Wani kuwa ciwo ne. Yaron da ba zai iya cewa haƙorina ba, zai iya dukan kumatunsa. Duk ɗabi'ar da ta ɓullo kwatsam, a fara da duba haƙori da kunne da cushewar ciki, a kuma tambayi likita batun farfaɗiya, kafin a shiga maganar tarbiyya.

Dokar hana nuna wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta yi maganar ilimi da lafiya, an kuma kafa mata hukuma. Amma uwar da ke ƙauye ba ta ga masanin ɗabi'a ba, ba kuma za ta gan shi nan kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkirin ci gaba: zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, kuma waɗanda ba ƙwararru ba ne ke koyarwa bayan an horar da su. An gwada shi a Habasha da Kenya. Muna da ma'aikatan lafiya a matakin farko, muna da ƙungiyoyin mata, muna da gidajen rediyon da ake saurare har a gona. Ban ga abin da zai hana wata jiha ta mayar da shi Hausa ta fara da ƙaramar hukuma ɗaya ba.

Kafin gwamnati ta motsa, littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa a fara. A sa wani a gidan da ya iya boko ko ajami ya riƙa rubuta abu uku duk lokacin da yaron ya tayar: me ake yi kafin ya fara, me ya yi, me mutanen gida suka yi bayan nan. A yi mako guda ko biyu, sannan a zauna a karanta tare, da Baba da Kaka a wurin. In aka ga kullum sai an ɗauko bokitin wanka ne, to a taɓa ruwan a ji ko sanyi ne da shi, a rage tsawon wankan, a koya masa alamar neman a dakata, kuma ranar da ya yi ta a dakata masa.